Baffa Sajo Mai Cigiya a Dogon Ƙarfe

Idan ka yi wa Baffa Sajo sallama, sai ya kalle ka tun daga hula har takalmi kafin ya amsa. Idan ka ce masa an yi ruwa a Gagarawa, sai ya tambaye ka wa ya jiƙa. Shekara ashirin da biyu muka yi muna magana ta makirufo ɗaya da mutumin nan, ni ina shirin mata, shi yana cigiyar dabbobi, amma har muka rabu bai taɓa ajiye gorarsa ta fura kusa da ni ba. Wai mu Mangawan Gumel ba a ba mu ajiyar nono. Ni kuma in ce masa Bafillatanin da ya bar saniya ya rungumi makirufo ai shi ne abin tuhuma. Wasa ne irin wanda muka gada, sai dai nasa kullum da ɗan gaske a ciki.

Sunana Safara'u, kuma tashar da nake magana a kanta yaran yanzu ba su san ta ba. Ƙaramar tasha ce a matsakaicin zango, wato AM, wadda wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta kafa a shekarar 1995, a gefen hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari. Tana da dogon suna a takarda, amma kowa Dogon Ƙarfe yake ce mata, saboda ƙarfen da aka kafa a bayanta wanda ake hange tun daga gonaki. Ɗaki uku ne da janareta mai tari. Mu buɗe da hantsi, mu rufe, mu sake buɗewa bayan la'asar. Duk ƙanƙantarta, muryarmu tana kaiwa Sule Tankarkar, tana kaiwa Gagarawa, tana tsallaka iyaka ta shiga rugagen Nijar. Da damina idan hadari ya taso sai rediyo ta yi ta ƙarar soya gyaɗa, amma mutane ba sa kashewa. A 2017 wani abu ya ƙone a cikin na'urar watsa shiri, aka nemi irinsa aka rasa, ga tashoshin FM sun cika gari, ga waya a hannun kowa. Haka aka sa kwaɗo a ƙofar, muka watse.

An haifi Sajo a wata ruga yamma da Sule Tankarkar. Ya yi kiwo har ya yi gemu, ya yi yaƙi da jahilci yana magidanci, ya iya karatu daidai na rubuta wasiƙa. Shigarsa rediyo faɗa ne ya kawo shi. A watan farko da buɗe tasha sansa ya ɓace, ya kawo cigiya, mai karantawa ya ce, "Ana cigiyar wani sa fari." Kashegari sai ga Sajo da sandarsa a ƙofar manajanmu, Malam Shehu.

"Malam, sa fari nawa ne tsakanin nan da Maigatari?" in ji shi. "Wannan cigiya ce ko sanar da jama'a cewa akwai shanu a duniya?"

Malam Shehu mutum ne mai gudun hayaniya. Ya ja shi ɗakin watsa shiri ya ce to zauna ka faɗa da bakinka. Sajo ya zauna ya siffanta san nan, tozo da ƙaho da yadda yake jefa ƙafa, da Hausa, sannan ya maimaita da Fillanci. San dai bai dawo ba. Amma kafin mako ya zagayo makiyaya sun fara zuwa suna tambayar ina mutumin nan da ya san dabba, shi ke nan kujera ta zama tasa.

Cigiya iri biyu ce. Akwai ta wanda ya ɓatar, wannan ba wuya, a faɗi duk abin da ya sani. Akwai kuma ta tsintuwa, a nan aikin Sajo yake. Idan aka tsinci dabba sai a kai ta gidan mai unguwa, mai unguwa ya aiko tasha. Sajo ya hau babur ya je ya duba ta da kansa, daga haƙori har kofato. Idan ya zo karantawa sai ya faɗi launi da inda aka tsince ta, amma ya riƙe alama ɗaya a cikinsa. Duk mai cewa tasa ce sai ya zo gindin darbejiyar da ke ƙofar tasha ya faɗi wannan alamar. In ya dace, Sajo ya ba shi takarda mai hatimin tasha ya kai wa mai unguwa. In bai dace ba, ya kama gabansa. Shekara goma sha biyu ana haka ba a taɓa ba wani dabbar wani ba, kuma Sajo ba shi da abin taƙama a duniya da ya wuce wannan. Gonarsa 'yar ƙarama ce, shanunsa ba su cika hannu biyu ba, amma daga Gumel har bakin iyaka idan aka ce Sajo ya duba, magana ta ƙare.

Sai kuma ya ƙirƙiro wani abu. Duk maƙaryacin da ya zo ya kora, da yamma sai ya ba da labarinsa a rediyo, ba tare da kama suna ba. "Jama'a, yau wani bawan Allah ya zo wai tunkiyarsa ce, tana da ciki wata uku. To malam, rago muka tsinta, Allah ya sauki matarka lafiya." Gari ya ɗauka da dariya. Kada in wanke kaina, ni ce mai kula da na'ura a lokacin shirinsa, kuma ni na fara sa masa ɗan kiɗan kalangu bayan kowace baƙar magana. Idan ya ƙi yi ma ni nake zuga shi. Minti goma sha biyar ɗin nan sun fi labaran duniya masu sauraro, har a kasuwa akan yi shiru idan ya fara.

A farkon daminar 2007 wani manomi mai suna Ɗantsoho ya tsinci farar saniya mai shayarwa a gonarsa, a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Aka kai ta gidan mai unguwa, aka ɗaure ta can cikin gida inda baƙon namiji ba ya shiga, Sajo kaɗai aka bari ya shiga ya duba ta. Saniya ce ta gani ta faɗa, don haka maƙaryata suka yi ta zuwa. Cikin mako biyu Sajo ya kori mutum biyar, kuma kowanne ya sha ba'a a rediyo. Na shidan wani mutum ne mai sanyin murya, da tsaftatacciyar riga. Ina zaune a bakin taga na ji shi ya ce kan nononta ɗaya na baya ya mutu, ba ya kawo nono.

"Na dama ko na hagu?" in ji Sajo.

"Wallahi Malam, mai ɗakina ce ke tatsa. Kada in yi maka ƙarya."

Wannan "kada in yi maka ƙarya" ita ta sayi Sajo. Ya buga hatimi ya miƙa masa takarda, har da raka shi bakin titi.

Kwana tara bayan haka wani dattijo ya iso, siriri, ƙafafunsa duk faso, yana jaye da ramammen maraƙi. Ya ce sunansa Manu, daga wata ruga a bakin iyaka gabas da Maigatari. Saniyarsa ta ɓace a guguwar ruwan farko, ya ɗauka arewa ta yi, ya bi ta har cikin Nijar, ya wuce duwan, wato shingen kwastan, sau biyu, sai a bakin wata rijiya aka ce masa rediyon Gumel na cigiyar farar saniya. Ba a ma tambaye shi ba ya ce na hagu ne, na baya, ƙaya ce ta soke shi shekara uku da suka wuce. Ya ƙara da cewa ba ta yarda a tatse ta ta ɓangaren dama, harbi take yi. Aka aika a tambayi matar mai unguwa, ta ce a gaya musu har yanzu ƙaurinta bai warke ba. Aka bi sunan da mai sanyin muryar ya bayar da ƙauyen da ya ambata, babu mai wannan suna. Saniya kuwa tun Alhamis ɗin da ta wuce an ga irinta ana lodawa a babbar mota a kasuwar Maigatari.

Manu bai ɗaga murya ba. Ya dubi Sajo ya ce, "Malam Sajo, mutum nawa suka san alamar nan?"

Tambayar da gari ya kwana yana yi ke nan. Ɗantsoho ya ce shi bai taɓa tatsar saniya ba a rayuwarsa. Mai unguwa ya ce a kawo Alƙur'ani. Matarsa ba ta fita. Saura mutum ɗaya, wanda ya duba, ya riƙe a cikinsa, ya kuma buga hatimi. Nan da nan aka fara tuno abubuwa. Wani ya ce ya taɓa ganin Sajo yana ƙus-ƙus da dillalai a kara, kasuwar shanu. Wani ya ce dama shekarun nan duk da ɓarayin shanu yake aiki, korar maƙaryata rufa ido ne. Ga shi kuma, don rashin sa'a, a watan ne ya yi wa ɗakinsa sabon rufin kwano. Ɗansa ne da ke aiki a Kano ya aiko da kwanon tun bazara, amma wa zai tsaya jin wannan.

Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi, ni ma na zarge shi. Na hau adaidaita na bi ta unguwarsu ba don ina da wani saƙo ba, sai don in ga kwanon nan da idona. Na gan shi yana walƙiya, zuciyata ta ce mini ai ga saniya can a kan ɗaki. Shi ma bai bar ni ba. Ya daina amsa mini wasa, ya koma kallona ta gefen ido. Wata rana ya tare ni a ƙofar ɗakin na'ura.

"Safara'u, ranar da na dawo daga Gagarawa, na yi magana ni kaɗai a ɗakin nan?"

"Ban ji ba, Baffa."

"Da kin ji za ki ce kin ji?"

Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce shi ma abin da zai ce mini ke nan. Ya tuhumi mai gyaran janareta, ya tuhumi Malam Shehu, ya koma ƙauyen ya titsiye Ɗantsoho har sai da aka raba su. Tasha ta zama wurin da idan mutum biyu suna magana na uku ya shigo sai a yi tsit. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cigiya ta ƙafe. Masu unguwanni suka daina aikowa, makiyaya suka daina zuwa. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna gaban makirufo hannu wayam, ni kuma in cike lokacinsa da waƙa. Cikin wata ɗaya babbar rigarsa ta yi masa yawa.

Wata Alhamis na je Maigatari ɗaukar muryar mata masu sayar da kayan miya. Na gaji, na zauna a bayan rumfar wani mai shayi, Abdurra'uf, ina jiran mota. Ashe shi ya daɗe yana naɗar ba'ar Sajo a kaset, yana sa wa direbobi suna dariya. Ranar kuwa da gangan ya sa na farar saniya, don a yi tsegumi. Mu a tasha mun ji maganganun nan ɗai-ɗai, kwana biyu ko uku tsakani. A kaset ɗin Abdurra'uf suna jere, ba komai a tsakaninsu sai kalanguna.

"Wani ya zo wai kunnenta na dama a tsage. To malam, kunnuwan saniyar nan sun fi naka lafiya." Kalangu.

"Na yau kuma wai ƙahonta ɗaya a karye. Ƙahonni biyu cif, sun fi haƙoranka cika." Kalangu.

"Wai tana da tabon lalas a cinya. Fatar nan ko ƙuda bai ɓata ta ba, wutsiya kuma har ƙasa." Kalangu.

"Ku daina wahalar da ni. Kun duba kai, kun duba gadon baya. Alamar nan sai wanda ya taɓa tsugunawa da ƙwarya a hannu."

Direbobi suna ta ƙyaƙyatawa. Kafin na biyar ya zo na riga na san inda aka dosa.

"Na yau ya yi ƙoƙari, ya kai hantsa, amma ya tsaya a gaba. Malam, ka koma gida ka ƙara karatu."

Ni Safara'u, da ban taɓa ganin saniyar nan ba, ban kuma taɓa tatsar ko akuya ba, ina zaune a bayan rumfar shayi na san cewa kan nononta ɗaya na baya ne ke da matsala. Mutanen nan biyar ba su zo don su dace ba. Aiko su aka yi ɗaya bayan ɗaya, su faɗi ƙarya, sannan a kunna rediyo da yamma a ji abin da Sajo zai cire. Kunya ta kama ni, ta kwanon da na je leƙe, da ta kalangun da nake jin kaina ina bugawa.

Na roƙi Abdurra'uf aron kaset ɗin, ya ba ni bayan ya sa na yi rantsuwa sau biyu. Kashegari na rufe ƙofar ɗakin na'ura na ce wa Sajo ya zauna. Ya ƙi zama, ya ce ya fi jin magana a tsaye. Na kunna. A na uku ya nemi kujera da kansa. Da ya ƙare ya ce in sake sawa, na sake.

"Wata guda ina neman ɓarawo," in ji shi, "ashe a bakina yake kwana."

Na ce masa ai wannan wanke shi ya yi, mu sa kaset ɗin kawai mu ce ɓarayi sun yi dabara. Ya girgiza kai. Ya ce dabararsu ba ta isa ba sai da ya taya su, kuma shi zai faɗa. Da yamma na sa kaset ɗin a iska daga farko har ƙarshe. Sannan ya matso makirufo ya ce da Hausa, ya maimaita da Fillanci, cewa bai sayar da alama ba, kyauta ya bayar da ita saboda son a yi masa dariya. Ya nemi gafarar Ɗantsoho da mai unguwa da mutanen tasha, ya kama sunana a ciki. Ya ce Manu kuwa ba shi da bakin da zai roƙe shi ta rediyo.

Na ɗauka shi ke nan, ashe ban san mutane ba. Wasu suka ce Allah sarki. Wasu suka ce kai, tsohon nan akwai wayo, ai da gangan ya yi ta jefa alamar a iska don kada a gan shi da ɓarayin ido da ido. Ya ja karsanarsa mafi kyau har rugar Manu, Manu ya ce ya koma da ita, ba karsana ya ɓatar ba. Ya dawo ya ci gaba da zama gaban makirufo hannu wayam. Malam Shehu ya fara maganar ba wa shirin noma mintocin nan goma sha biyar, kuma duk mun san idan aka yi haka Sajo zai koma ruga da sunan ɓarawo har kabarinsa.

Ranar Alhamis ta biyu bayan haka, da hantsi, lokacin da titi ya cika da motocin kasuwa, sai ga Manu a ƙofar tasha da wani baƙin rago. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin titi inda masu jiran mota suke, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ina Malam Sajo? Na tsinci ragon nan a bayan rugarmu. Ka duba shi, ka riƙe alamarsa a cikinka. Ni ban san wanda zan kai wa ba in ba kai ba."

Ni dai ido gare ni. Ragon nan ba igiya a wuyansa, amma duk inda Manu ya juya yana biye, yana goga kai a gwiwarsa. Sajo ya tsuguna ya buɗe bakinsa, ya ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da yamma ya karanta cigiyar a taƙaice, baƙin rago, wuri kaza, mai shi ya zo da alama. Ban sa kalangu ba, kuma daga ranar har aka rufe tasha bai ƙara ba da labarin wanda ya kora ba.

Labarin cewa mai saniyar da kansa ya kawo wa Sajo tsintuwa ya riga motocin isa Maigatari. Ranar Asabar wata mata ta kawo cigiyar jakinta. Ranar Litinin wani mai unguwa daga yankin Sule Tankarkar ya aiko a zo a duba akuya. Ragon kuwa ya yi kwana arba'in a gindin darbejiya yana cin harawarmu, ko mutum ɗaya bai zo nemansa ba, ko na ƙarya. Da Manu ya dawo aka ce ya tafi da shi ya ci gaba da riƙo, tun daga nesa ragon ya tsinke igiya ya tarye shi da gudu.

Bayan sun tafi na kasa haƙuri. Na ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, ragon nan ɓatacce ne?"

Yana jera takardun cigiya uku a kan tebur, bai ɗago ba.

"Safara'u, ragon da ya kwana a daji ba ya zuwa da ƙoshi, ba ya zuwa da wankakken gashi. Tun kafin in tsuguna na sani."

"To me ya sa ka karanta?"

"Mutumin da na raba da saniyarsa ya tako tun daga bakin iyaka don ya yi mini ƙarya a gaban jama'a," in ji shi. "Ni ne zan tona shi?"

Ya goge fuskarsa da bakin rawani, ya ce in duba ko makirufo na aiki, lokaci ya yi.